Rahoton Hanya Ranar Asabar

Ranar Litinin da sassafe babu wani mazaunin Nyanya ko Mararaba da yake jiran rediyo ta gaya masa cewa hanyar shiga Abuja ta cushe. Ya riga ya sani. In har bai wuce gadar Karu ba kafin gari ya waye tangaran, to zai hau tudun Kugbo ne daga birki sai giya har ya isa AYA. Mutumin Kubwa ya san nasa lokacin, mutumin Lugbe ma haka. Cunkoson ranar aiki yana da sa'ar zuwa da ta tafiya, kuma kowa ya tsara tashinsa daga barci a kansa. Shi ya sa nake mamakin masu cewa rahoton hanya da gidajen rediyo suke bayarwa ranar Asabar da Lahadi cike gurbi ne kawai, tunda ofisoshi a rufe suke. Na yi ƙuruciyata da girmana a kan titunan garin nan, kuma abin da na gani shi ne rahoton ƙarshen mako ya fi na ranar aiki ceton mutane.

Na zo Abuja ne a ƙarshen shekarun 1990, bayan na gama sakandare, wurin ƙanen mahaifiyata. Kawu yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Legas bayan gwamnatin Babangida ta tare a sabon birnin ranar 12 ga Disamba, 1991. Ɗaki biyu aka ba shi a Garki, amma iyalinsa suna Zariya, kuma bai taɓa kiran Abuja gida ba. In ya ce gida, Zariya yake nufi. Abuja kuwa wurin aiki. Kusan duk maƙwabtanmu haka suke: wannan matarsa tana Kaduna, wancan 'ya'yansa suna Jos, na ƙarshen layi kuma duk Juma'a sai ya nufi Lakwaja. Tun da safiyar Juma'a za ka ga an zuba jakunkuna a bayan mota an tafi da su ofis. Da an sallame salla a Masallacin Ƙasa, ba mai komawa kan teburinsa sai wanda ya zame wa dole. Kafin la'asar garin ya zazzage kansa a kan hanyar Zuba da ta Keffi da ta Gwagwalada.

Wanda ya kwana a cikin gari ranar Asabar a wancan zamani zai iya rantsewa babu cunkoso a Abuja, kuma bai yi kaffara ba. Titin Shehu Shagari da na Ahmadu Bello fayau suke, a nan samari da yawa suka koyi tuƙi, ni ma a nan na fara riƙe sitiyari. Amma mutanen ba ɓacewa suka yi ba. Suna can kan manyan hanyoyi, da mata da yara da buhun tsaraba, wasu suna tuƙi da gajiyar mako guda a jikinsu. Cunkoson sauya wuri kawai ya yi, ya bar gaban sakatariyar gwamnati ya koma Zuba da Tafa.

Motar Kawu Peugeot 504 ce, fara, mai rediyon da sai an ɗan doki gefensa yake kamawa. Na haddace hanyar tun kafin in iya tuƙi: Dei-Dei, Zuba, Madalla, ka bar Dutsen Zuma, ka wuce Gauraka da Sabon Wuse, ka ratsa tirelolin Tafa, sai mahaɗar Jere, Katari, Rijana, har tolget ɗin Kaduna da ake biyan kuɗi kafin Obasanjo ya sa a rushe shi. Rediyon Tarayya na Kaduna muke kamawa, mu sha Zaɓi Sonka da labarun duniya. Za ka ji abin da ya faru a Bagadaza, amma ba za ka ji cewa tirela ta gitta a gabanka da tafiyar minti goma ba. Labarin hanya a wurin direbobi ake samunsa. Mai tahowa ya ƙyafta maka fitila, ko ya fito da hannu ta taga yana kaɗa shi ƙasa, ka san akwai abu a gaba, amma ba ka san mene ne ba. In ka tsaya shan mai ko cin tsire a Tafa sai ka tambayi direban haya, “Malam, yaya baya?” Shi kuma ya ce lafiya lau, ko ya ce a yi a hankali wajen kaza. Labarin nan kuwa ya riga ya kwana biyu a ma'aunin hanya, domin abin da ya gani awa guda da ta wuce yake ba ka.

Akwai wata Lahadi da ba na mantawa. Mun taso daga Zariya bayan azahar, da niyyar mu yi magariba a Garki. Mun wuce Tafa kaɗan sai muka iske jerin jajayen fitilu iyakar ganinka. Tirela ce ɗauke da buhuna ta kife ta tare hannunmu. Da an yi haƙuri da an samu ɗan gefen da za a riƙa zurarewa ɗaya bayan ɗaya, amma masu gaggawa suka tsallaka ɗaya hannun suka yi wanwe, suka yi kiciɓis da masu fitowa daga Abuja, hanya ta ɗinke gaba da baya. Lagireton motar da ke gabanmu ya tafasa, mai ita ya buɗe bonet yana fifita injin da hularsa. A wata bas kusa da mu akwai mace da jariri yana ta tsala kuka, jikinsa zafi rau, ruwan da ta taho da shi ya ƙare, Kawu ya miƙa mata jarkar da muke ajiyewa don mota. Da rana ta faɗi maza suka yi taimama suka ja sahu a bakin kwalta, wani direban tanka ya ba mu salla. Yaran ƙauyen suka fito da rake da dafaffiyar gyaɗa, kafin isha'i babu ko ƙwaya. Kawu ya jingina da mota ya ce da ni, “Ka gani ko, ɗan nan? Da wani ya gaya mana tun muna Jere, da Bwari muka bi, da yanzu mun ci tuwo.” Na ce, “Kawu, wa zai gaya mana?” Bai amsa ba, don babu amsar a lokacin. Sai da dare ya raba muka shiga gari, da safe kuma ya tafi ofis idanunsa jawur.

Abu biyu ne suka kawo amsar. Na farko, dokar soja mai lamba 38 ta 1992 da ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara a Legas a 1994, daga baya Abuja ta cika da tashoshin FM: Raypower ɗin, da Cool FM, da Rhythm, da Hot FM, sannan Wazobia da Nigeria Info, ga kuma Kapital FM ta gwamnatin tarayya da Aso Radio ta hukumar birnin. Na biyu, wayar salula da ta shigo a watan Agustan 2001. A manyan biranen Amurka jirgi mai saukar ungulu gidajen rediyo suka riƙa tayarwa ya leƙo musu tituna daga sama. Mu nan ba mu da wannan. Abin da muke da shi shi ne mutumin da ya maƙale a Dei-Dei, da waya a hannunsa, a zamanin da kiran minti ɗaya yake cin naira 50, ya ga ya dace ya ƙona katinsa don ya gaya wa wanda bai sani ba, bai kuma taɓa gani ba, cewa kada ya biyo nan. Hausawa sun ce daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Har yau in na ji irin wannan kira, da ƙarar hon a bayan muryar mai magana, sai in ji mutumin ya burge ni. Shi bai tsira ba, yana ciki tsundum, amma ya tuna da na baya.

A daidai wannan lokaci garin kansa yana canzawa. Ƙidayar 1991 ta samu mutum ƙasa da 400,000 a duk yankin birnin tarayya. Ta 2006 ta samu kusan miliyan 1.4. A zamanin da Nasir el-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, aka yi rusau a unguwanni da dama, aka sayar da gidajen gwamnati, aka kuma hana acaɓa a tsakiyar gari a 2006. Wanda ya iya sayen gidansa ya ɗauko iyalinsa ya zauna, wanda bai iya ba ya koma Kubwa, ko Lugbe, ko Suleja a jihar Neja, ko Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa. Ni ma da na yi aure a gefen gari na kama haya. Abuja ta tashi daga barikin ma'aikata ta zama garin da ake haihuwa, ake suna, ake aure, ake kai gawa makwanci. Duk waɗannan hidimomi kuwa, in ban da mutuwa da ba ta shawara, ranar Asabar da Lahadi ake ajiye su.

To a nan ne bambancin yake. Cunkoson Litinin na 'yan gari ne, waɗanda suka san kowane rami da kowace ɓarauniyar hanya. Na Asabar kuwa ba ya sallama. Ɗaurin aure ɗaya na wani babba a Masallacin Ƙasa ko a wani masallaci a Maitama ya isa ya toshe titi uku, domin baƙin da suka zo daga Kano da Sakkwato da Maiduguri za su ajiye motoci duk inda suka samu. Babban taron jam'iyya a Eagle Square yakan faɗo a ƙarshen mako. Wanda PDP ta tsayar da Umaru Musa 'Yar'aduwa takarar shugaban ƙasa a cikinsa ranar Asabar 16 ga Disamba, 2006 aka fara shi, kuma duk lokacin irin wannan taro sai an rufe titunan da ke kewaye da sakatariya. In ana wasa a babban filin wasa da aka gina don gasar Afirka ta 2003, bakin ƙofar gari ya cika. Ranar Lahadi da hantsi manyan coci-coci na hanyar filin jirgi suna tashi, dubban motoci su fito lokaci guda, ga mai sauri zai kama jirgi. Masu gyaran titi su ma sun fi son su karkatar da hanya ranar da ma'aikata ba sa fita. Ga kasuwanni: ma'aikacin da bai samu sukuni ba duk mako, Asabar ce ranar cefanensa a Wuse ko Utako ko kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake da jadawalin da talaka zai duba.

Sannan a dubi su wane ne a cikin motocin. Ranar aiki mutum ɗaya ne da jakarsa, in ya makara ya sha faɗan oga. Ranar Asabar tsohuwa ce aka ɗauko daga Funtuwa za ta ga jikanta, amarya ce da 'yan rakiyarta, mai ciki ce za a kai awo, direba ne da bai taɓa shiga Abuja ba, wanda in ya kuskure kwana ɗaya a shataletalen Berger sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu wurin juyowa. Mutumin da ya fi kowa buƙatar a gaya masa halin da hanya take ciki shi ne wanda bai san wata hanyar ba sai wadda aka kwatanta masa.

Na ga amfanin abin da idona wata Asabar da muka ɗauko amarya daga Karu za mu kai ta Suleja. Muna cikin ayari, ni ne na biyu, gwaggon amarya tana gaba kusa da ni da kwanon cincin a cinyarta. Mun hau hanyar Kubwa ke nan sai mai gabatar da shiri ya katse waƙa ya ɗauki kira. Wani ne yake cewa tankar mai ta faɗi kafin Zuba, man yana malala, jami'an kiyaye haɗurra sun tsayar da kowa. Bayan ɗan lokaci wata mata ta kira ta tabbatar, ta ƙara da cewa mutane sun fara fitowa da jarkoki. Na yi wa na gabana fitila muka tsaya. Gwaggo ta ce, “Lafiya dai, ɗana?” Na ce, “Lafiya lau, Gwaggo, hanya ce ba kyau a gaba, za mu ɗan jira.” Muka koma gidan wani ɗan'uwa a Kubwa, mata suka yi salla, yara suka ci abinci, sai da aka sanar an janye tankar muka tashi. Amarya ta shiga ɗakinta a makare, amma ba mu tsaya da mota cike da mata da yara kusa da fetur yana kwarara ba. Duk wanda ya san abin da tartsatsi ɗaya yake yi a irin wannan wuri ya san girman abin da waɗannan mutum biyu suka yi mana.

Ba zan ce gidajen rediyo don Allah kaɗai suke yi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani abokina da ya yi aiki a ɗaya daga cikinsu ya taɓa warware mini lissafin. Kamfanin da ya ɗauki nauyin rahoton hanya yakan sayi mako ne sukutum, a ambaci sunansa kafin rahoto da bayansa, saboda ya san a wannan minti ɗin direba yana kasa kunne da gaske. Rahoton ba ya cin kuɗi, masu sauraro ne suke kawo shi da katinsu. Uwa uba kuma sabo: rediyo a mota aka fi jin ta a gari irin Abuja, kuma in mutum ya murɗo tasharka ranar Asabar yana neman labarin hanya bai samu ba, zai koma wata, wataƙila kuma can zai kwana har Litinin. Ko da hanya lafiya lau take, faɗin hakan ma labari ne. Wanda yake shawarar ko ya fita ko ya fasa, jin cewa hanyar filin jirgi a buɗe take ya ishe shi.

Ba mu kaɗai ba ne muka gano haka. A Faransa, bayan wani mummunan cunkoso da aka yi a farkon Agustan 1975 lokacin da jama'a suka fita hutun bazara, gwamnati ta kafa wani tsari mai suna Bison Futé a 1976, wanda yake hasashen ranakun da hanya za ta cika, yana ba su launi daga kore har zuwa baƙi. Ranakun da suke samun baƙin nan galibi Asabar ce, a ƙarshen Yuli da farkon Agusta. Su hutunsu na shekara ne yake fitar da su. Mu kuwa duk mako muna da ƙaramin irinsa, ga kuma manyan: jajiberin Salla, da Kirsimeti, da watannin ƙarshen shekara da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take ƙara yawan jami'anta a kan hanya.

Daga baya rahoton ya ɗauki wani nauyi da ba mu taɓa zato ba. Bayan bam ɗin tashar Nyanya na ranar 14 ga Afrilu, 2014, aka kafa shingen bincike a wajen Kugbo, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ta koma ta sa'o'i, ba ruwan shingen da Asabar ko Lahadi. Sai kuma hanyar Kaduna ta lalace da masu garkuwa da mutane, sunayen da na haddace ina saurayi, Katari da Rijana, suka zama sunayen da ake faɗa da faɗuwar gaba. Jirgin ƙasa na Idu zuwa Rigasa da ya fara aiki a 2016 ya ɗauke wa mutane da yawa wannan fargaba, har zuwa harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022. Ambaliyar Lakwaja ta 2012 da ta 2022 ta yanke hanyar kudu, motoci suka kwana a kai, a ta biyun har sai da man fetur ya yi wuya a Abuja. A irin waɗannan ranaku tambayar mai tafiya ta wuce ko zai makara. A nan ne kuma na ƙara ganin darajar mai gabatarwa mai hankali, wanda ba ya sakin duk abin da aka kira aka faɗa masa sai ya ji daga baki biyu ko ya tuntuɓi jami'ai. Jita-jita ɗaya a kan hanyar Kaduna tana iya sa ɗaruruwan motoci su juya a guje, haɗarin da za a yi ya fi wanda ake gudu.

Legas ta buɗe tashar rediyon da ba ta da aiki sai hanya a 2012, a kan mita 96.1. A 2021 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙaddamar da tata a Abuja a kan mita 107.1, ga kuma lambarta ta gaggawa, 122. Yanzu 'ya'yana taswirar waya suke dubawa, ta nuna musu jan layi inda hanya ta cushe. Tana da amfani, ni ma ina dubawa kafin in fita. Sai dai jan layin ba ya gaya maka ko ɗaurin aure ne da zai watse nan da rabin awa, ko tanka ce da za ta kwana a wurin, kuma mai tuƙi ba shi da idon kallon waya.

Abin da ya rage mini a rai shi ne harshe. Yawancin rahotannin da na saurara tsawon shekarun nan da Turanci ne ko da broka. Amma je ka tashar Zuba ko ta Jabi ranar Juma'a da yamma ka ji da wane harshe ake lodi. Direbobin tirela da suke kwana a Tafa, da masu ɗauko shanu zuwa Dei-Dei, da masu kawo tumatir da albasa daga Kano da Sakkwato, da direbobin hayar da suke jigilar Kaduna sau biyu a yini, da Hausa suke magana, kuma manyan motocinsu ne in sun lalace suke tare hanya. Su ne kuma suka fi kowa sanin abin da yake faruwa a kanta, tun kafin jami'i ya iso. Ina so in ji tashar da za ta ware musu minti biyar da Hausa a kowace awa, daga saukowa Juma'a zuwa daren Lahadi, ta ba da lambar da za su kira, ta kuma haɗa kai da shugabannin tashoshin mota na Zuba da Tafa da Mararaba don a riƙa tantance labarin kafin a sake shi.